Akwatin Mai Gyaran Agogo

A gidan wasan Mutala, bayan tashar Aboabo,
inda fanka ke nishi, allon ya tsage a kusurwa,
na cinye kashi na ɗaya, na biyu, har na bakwai,
sidi biyu awa guda.
Na san hannun masu tsara wasan kamar yunwar cikina.

Kullum da ruwan sama ake farawa.
Wasiƙa ta iso ba suna,
kana tsallake gada sai ta karye a bayanka.
Ka faɗa gidan mutane ba sallama,
ka ja durowa, ka ɗaga katifa,
ka cusa igiya da fitila da rabin hoto da tsani a aljihu ɗaya,
ba mai ce maka ɓarawo.
Je ka gwada a Kejetiya.

Mai gadi magana uku gare shi,
ko sau ɗari ka koma, ukun nan ne.
Tsohon da ya fara zuba maka shayi,
mai tattausan murmushin nan, riƙe sunansa.
Shi ne.
Mutala ya ce, "Adiza, kina kashe mini kasuwa,
bar yara su gano da kansu."

Ni dai mamatan suka fi kama mini hankali.
Mamacin wasa ba ya tafiya shiru.
Sai ya rubuta komai, ya yaga gida biyar,
ya watsa ɗaki-ɗaki don mai nema.
Agogon bango ya tsaya daidai kan lokacin.
Lambar kwaɗo kuwa, ranar haihuwar 'yarsa.
Kullum 'yarsa.

Wata Talata Baba ya cire gilashin aiki daga ido,
ya ce rumfa na juya masa.
Kafin tasi ta fita daga cunkoso, an gama.
Bai ce komai ba.
Direba ya rantse bai ce komai ba.

Bayan addu'ar bakwai na ɗaga ƙyauren rumfar.
Agogo talatin da ɗaya a bango,
kowanne ya tsaya a nasa lokacin.
Wanne zan tambaya?

Can ƙarƙashin tebur, akwatin ƙarfe,
da kwaɗo mai lamba huɗu.
Gabana ya faɗi. Na ce, to, ga shi nan.
Na murza ranar haihuwata. Shiru.
Ta Yaya Nuhu. Shekarar da ya baro Salaga.
Shekarar aurensu da Mma. Lambar rumfa.
Har aka kira la'asar ina murzawa,
yatsana ya yi ja.

Sai Boakye mai ɗinkin takalmi ya leƙo,
ya ce da Hausarsa ta kasuwa,
"Sifiri huɗu ne, yarinya.
Yadda ya saya, haka ya bari."

Rasit ɗin kuɗin rumfa, an ɗaure da roba.
Ƙananan batir a kwalbar magani.
Katin asibiti da bai taɓa nuna mana ba.
Ɓarin goro ya bushe kamar tsakuwa.
Da wani agogon mata, ba maɗauri,
an liƙa masa 'yar takarda da rubutunsa mai karkata:
"Ta ce za ta dawo."

Da a wasa ne, da allo ya yi ƙyalli,
da sabuwar unguwa ta buɗe a taswira.
Na tambayi Boakye, na tambayi mai koko,
na tambayi Mma, ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da tsince wake.
Kowa maganarsa ta fi uku,
ba wadda ta kai ni ko'ina.

Jiya Mutala ya aiko, na takwas ya iso.
Na je. Ruwa ya sauko, gada ta karye.
Tsoho ya zuba shayi, na san shi ne,
amma na zauna, na bar shi ya gama zancensa.
A aljihuna agogon matar nan yana bugawa,
na sa masa batir daga kwalbar.
Yana gudu da minti huɗu.
Ban san yadda ake gyarawa ba.